Wutar Zango: Tarihin Kwanan Hunturu a Dajin Birnin Gwari

Kwanan hanya a lokacin hunturu tsohuwar matsala ce ga duk mai ratsa dajin Birnin Gwari. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan juyo daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Da rana zafi kan haura digiri 30, amma da yake babu gajimare, babu kuma laima a iska da za ta riƙe zafin da ƙasa ta sha, rana na faɗuwa sai ƙasa ta fara sakinsa. Kafin asuba ma'auni kan sauko digiri 15 zuwa 12, wani daren ma ya yi ƙasa da haka. Mutanen ƙasashen ƙanƙara ba za su kira wannan sanyi ba. Amma ga wanda ya yini yana gumi a ƙarƙashin kaya, rigarsa shara-shara, makwancinsa ƙasa, ya isa ya hana shi runtsawa, mai rauni kuwa ya kwantar da shi.

Kakangi, wadda a yau ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Gwari, tana yammacin yankin ita da Randagi, wajen iyakar jihar Kaduna da Neja. Ƙasa ce ta doka da kaɗanya da marke da ƙirya, ga gamba mai shanye mutum a tsaye, ga duwatsu jefi-jefi, ga rafuka masu gangarawa kogin Mariga. A cikin wannan daji aka keɓe gandun En'e a 1936, wanda ya zama Gandun Dajin Kamuku na tarayya a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121. Sanyi a irin wannan ƙasa ba ya sauka bai ɗaya. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka cikin dare takan gangara ta taru a kwari da fadama da bakin rafi, tudu kuwa ya samu sauƙin ɗari amma ya sha kaɗawar iska. Manomin da ya taɓa kwanan gadin hatsi a fadama ba sai an karanta masa wannan ba, kuma a kan wannan sani aka gina kusan duk dabarun kwanan daji na yankin.

Masu kwana a waje a nan iri-iri ne tun fil'azal: manoma lokacin girbi, mafarauta da rani, Fulani a ruga da wutar da suke hura wa shanu a tsakiyar garke, almajirai a tsangaya da wutar karatunsu ta dare da ta asuba. Amma waɗanda suka mai da kwanan hanya tsari, mai shugabanni da ƙa'idoji, su ne fatake.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, sai dai fataucin goro ya kai ganiyarsa ne a ƙarni na 19, a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ɗaya daga manyan hanyoyinsu ta bi ta Zariya ta shigo Birnin Gwari, ta nausa yamma ta ƙetare kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Bargu har ta dangana da Salaga ta ƙasar Gwanja. Wannan hanya Baturen nan Hugh Clapperton ya biyo daga kudu a 1826, ya sauka Birnin Gwari kafin ya wuce Zariya da Kano. Shi damina ta same shi. Fatake kuwa sukan jira ruwa ya ɗauke, rafuka su janye, a yi girbi abinci ya yi araha, sannan su ɗaura kaya. Ma'anar haka ita ce tsakiyar hunturu a hanya take riskarsu, shekara da shekaru. Shi kansa Clapperton ya ga abin da sanyin ƙasar nan ke iya yi a tafiyarsa ta farko: a Disamban 1823, tsakanin Kukawa da Katagum, ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin ƙore ya yi ƙanƙara a sama, salkunan ruwa sun ƙandare. Abokin tafiyarsa Dakta Walter Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairun 1824.

Ayari babba kan kai mutum dubu ko fiye, ban da jakuna da takarkarai. Madugu ne uban tafiya, jagaba ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki ke ciniki da masu gari a kan kuɗin fito, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Akan tashi da sassafe a sauka wajen azahar. Saukar da wuri ba lalaci ba ne. Dabbobi na buƙatar kiwo da ruwa, mutane kuma na buƙatar sauran hasken rana don yankan ciyawa da saran itace, domin wanda duhu ya rufa bai tanadi makamashi ba ya riga ya san irin daren da zai yi.

Zaɓen wuri shi ne rabin aikin. Dole zango ya kasance kusa da ruwa, amma ba a bakin rafi ba, inda ɗari ke taruwa, dabbobin dawa kuma ke zuwa sha. Akan ɗan hau tudu, a nemi bayan dutse ko bayan kurmi ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Dutse yana da wani amfanin: ya yini yana shan rana, yakan kai tsakar dare yana fitar da ɗumi. Daga nan kowane rukuni ya kafa bukkarsa, a tanƙwara tsumagu a ɗaure kawunansu, a lulluɓe da gamba, a juya ƙofa yamma ko kudu, bayan bukka ya tari iska. Wagagen kaya da mangaloli akan jera su ta gabas da arewa su zama katanga, ga tsare iska ga kuma kaya a kusa da kan mai su. A zangon da aka saba sauka, ayarin da ya wuce kan bar ƙwarangwal ɗin bukkokinsa, na baya ya zo ya sake musu rufi.

Abu na biyu shimfiɗa. Matafiyi sabon shiga yakan ɗauka mayafi ne maganin sanyi, alhali ƙasa ta fi iska tsotse ɗumin jiki, tunda jiki manne yake da ita dare guda. Don haka akan fara tara busasshiyar ciyawa mai kauri, a ɗora tabarma, mai hali ya ƙara da buzu, gashin yana sama. Mai jaki yakan yi matashi da akumari. Mafarauta suna da wata dabara da ba ta mutu ba har yau: su hura wuta a inda za su kwanta, in ta ci ta cinye su share garwashin gefe, su barbaɗa ƙasa, su yi shimfiɗa a kan wurin da ya gasu.

Sai wuta, wadda ita ma iri biyu ce, kuma ba a haɗa su. Akwai wutar girki da hira, ta kara da ƙirare, mai tashi bal-bal ta ba da haske ta mutu nan da nan. Akwai wutar kwana, ta gungumen marke ko ƙirya, itatuwa masu tauri da nauyi waɗanda ke ci a hankali ba hayaƙi mai yawa. Ƙirya dama ita ce gawayin maƙera. Akan haɗa kawunan gungume biyu ko uku wuri guda, ƙarshensu na waje, duk wanda ya farka cikin dare ya tura su ciki kaɗan. Ta haka wuta ba ta girma ta zama haɗari, ba ta kuma mutuwa. Gab da barci a rufe gefenta da toka domin a tashi da rushi, saboda kafin zuwan ashana tayar da sabuwar wuta aikin ƙyastu ne da audugar rimi, kuma yin sa da yatsun da ɗarin asuba ya sandarar ba wasa ba ne. Kaɗanya da ɗorawa ba a saran su ɗanyu don makamashi, itatuwan abinci ne, kuma masu ƙasa ba sa yafe wa baƙon da ya taɓa su. Dajin doka dai bai taɓa rasa busasshen itace ba, abin da ya sa kwanan wannan yanki ya fi na ƙasashen arewa sauƙi, inda matafiya kan koma ga kashin shanu da na raƙuma.

Akan kwanta ƙafafu wajen wuta, kafaɗa da kafaɗa, masu gadi na karɓeɓeniya. A nan ne bambancin arziki ke fitowa fili fiye da yadda yake fitowa da rana. Madugu da manyan attajirai suna da bukka mai rufi biyu, da alkyabba, da bargon ulu irin wanda ake kawowa daga Masina ta Tambutu ko daga arewacin hamada. Matsakaicin falke yana da gwado, wato sawaye na saƙi da aka ɗinke, ko luru mai kauri da nauyi. 'Yan alaro da bayi, waɗanda su ne suka yini ɗauke da kaya a ka, abin da suke da shi zane ɗaya ne da wuta da jikin juna. Ba a cika ambaton wannan ba in ana yabon zamanin fatake, amma shi ne gaskiyar zango. Rawani da amawali kuwa ba ado kaɗai ba ne a hanya, suna tsare kai da kunne daga iska, hanci da baki daga ƙura. Man kaɗe, wanda matan ƙauyukan dajin ke kawowa talla, shi ne maganin faso da tsagewar leɓe, kuma ga mai tafiyar ƙasa faso mai jini yana iya raba shi da ayari.

Ciki ma yana da nasa rabo. Matan da ke cikin ayari da matan gari su ke riƙe da girki, kuma a hunturu fura kan ja baya, tuwo mai zafi da dare da kunu da asuba su shige gaba, an wadata su da citta da kanumfari da masoro da barkono. Buta akan ajiye ta gefen rushi don alwalar asuba. Malaman Malikiyya sun halatta taimama ga wanda ke tsoron ruwa zai jawo masa ciwo ko ya ƙara masa, sai dai mai wuta a kusa ba shi da wannan uzuri, tunda yana iya ɗumama ruwan.

Abu ɗaya ne a zango ba ya son wuta ko kaɗan, shi ne kayan da aka sha wahalar dominsu. Goro ɗanyen abu ne, iskar hunturu kuma maƙiyiyarsa ce. A hanyar dawowa akan naɗe shi da ganye, a ajiye huhunan nesa da wuta, a inuwa, a riƙa yayyafa musu ruwa, bayan 'yan kwanaki a kwance a tsince wanda ya lalace a sake ɗauri. Falke yakan kwana yana rawar ɗari ya bar gwadonsa a kan goro, kuma babu wanda zai ce masa ya yi wauta.

Haɗarin wuta a wancan tsari gobara ce. Gamba busasshiya da iska mai ƙarfi da bukkoki ɗaruruwa a jere, tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda haka akan share kewayen zango, ba a hura wuta mai harshe a cikin bukka, masu gadi kuma aikinsu ya haɗa da duban wuta. Hadisin da ya yi umarni a kashe wuta in za a kwanta sananne ne ga malaman ayari, kuma rufe ta da toka da sa mata mai tsaro shi ne yadda aka daidaita tsakanin umarnin da lalurar ɗari. Ɗaya haɗarin shi ne ido. Wuta tana korar kura da zaki, amma tana nuna wa mahara inda mutane suke. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora a 1864, ƙasashen Gwari da Kamuku sun sha hare-haren kamun bayi daga gare shi da ɗansa Ibrahim. Babban ayari mai 'yan baka da shingen ƙaya ba ya ɓoye wutarsa, yawanta ma gargaɗi ne. Ƙaramin rukuni kuwa sai ya zaɓa tsakanin ɗumi da ɓuya.

Wanda ya samu masauki a cikin gari ya fita daga wannan duka. Fatoma yakan ba baƙonsa zaure ko ɗaki, bangon ƙasa mai kauri kuma yana yin abin da dutse ke yi, ya sha zafi da rana ya saki da dare. A gidajen Hausawa da Gwarawa na wancan zamani akwai gadon ƙasa, wato dakali da aka gina da rami a ƙarƙashi da 'yar ƙofa a gefe. Da magariba a zuba garwashi a ramin, ƙasar ta gasu a hankali, ta riƙe ɗumi har asuba. Tsofaffi da marasa lafiya da masu jego aka fi yi wa tanadinsa. Dabara ce da ke da 'yan'uwa a nesa, don mutanen arewacin Sin da Koriya sun daɗe suna ɗumama makwanci ta ƙarƙashi, sai dai su sukan ja wa hayaƙin hanya ya fita waje. A nan jinka ce ke wannan aiki: hayaƙi ya ratsa ciyawar rufi ya fice, a hanya ya bar baƙin da ke korar ƙwari. Gadon ƙasa bai rasa nasa aibin ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau da haɗuwar wankan jego da kwanciya a gado mai zafi da shan kunun kanwa.

Zamanin ayari ya fara dusashewa tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Ingila ta karya daular Asante a 1874, yaƙin basasa ya rusa kasuwar Salaga a 1892, goro ya fara bin teku zuwa Ikko, kuma Alhassan Dantata yana cikin waɗanda suka rungumi wannan sabuwar hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta Minna da Kaduna da Zariya, Birnin Gwari ta koma gefe. Haƙar zinariya ta shekarun 1930 ta sake cika dajin da bukkokin leburori, waɗanda suka kwana kamar yadda 'yan alaro suka kwana, amma abin da ya dawo da matafiya sosai shi ne titin mota daga Kaduna ta Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari, ya wuce Tegina da Mokwa da Jebba har Ikko. Garin Birnin Gwari ma ya bi titi, tsohon mazauninsa ya zama Tsohuwar Birnin Gwari a hanyar Funtuwa.

Motocin farko masu bodin katako ne, Bedford da Austin, daga baya Marsandi 911, sannan tirela da tanka, musamman bayan buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980. Tsarin zango bai ɓace ba, tufafi ya sauya. Direba ya gaji matsayin madugu da makwanci mafi kyau, wato kujerar gaba. Yaran mota sun gaji 'yan alaro: ƙarƙashin mota ko saman kaya a cikin tamfol. Kwali ya maye gurbin ciyawa, teburin mai shayi ya maye gurbin kunun matan gari, bargon masaƙa da rigunan sanyi na gwanjo suka kori luru da gwado, a zamanin da Kaduna ta zama garin masaƙu tun daga buɗe ta farko a 1957. Wasu tashoshin sun koma ƙona tsohuwar taya, wadda ke ba da zafi da baƙin hayaƙi mai cutar da ƙirji. Direban tanka shi ko ba ruwansa da wuta kusa da motarsa, sai dai ya taka zuwa ta wasu. Tsofaffin injinan dizal ba sa son tashi da sanyin safiya, shi ya sa gogaggen direba kan nemi 'yar gangara ya tsaya a kanta.

Mota dai mummunan ɗaki ce ga mai jin sanyi. Ƙarfe da gilashi ba sa riƙe zafi, kuma ɗumin inji sa'a ɗaya ko biyu ne ya gushe. Kafin asuba cikin mota da waje kusan ɗaya suke, abin da mota ta fi fili da shi tsare iska ne kawai. Waɗanda suka fi kowa shan wuya su ne masu hawa saman tirelar shanu ko ta hatsi cikin dare, domin gudun mota yana mai da sanyin digiri 14 ya zama abin da ke sandarar da hannu har mutum ya kasa riƙe ƙarfen da ya dogara da shi.

Da wannan sauyi haɗari ya sake kama. Bukka da jinka suna yoyon iska ta ko'ina, wannan ne rauninsu, shi ne kuma ya tsare masu kwana a ciki. Ɗakin siminti mai rufin kwano da tagar gilashi, ko mota da aka ɗage gilasanta, ba sa yoyo. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Alamunta ciwon kai ne da jiri da kasala da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Kurfoti ko kaskon garwashi da kakanni suka kwana da shi lafiya a ƙarƙashin jinka shi ne ke kashe iyali guda a ɗaki rufaffe. Haka barin inji yana aiki mota na tsaye don a ji ɗumi, in salansa na da ɓula ko iska ta maido hayaƙin ciki, haka kuma janareta a baranda. Wanda aka samu a wannan hali, a fitar da shi sarari nan take a nufi asibiti, ko da ya farfaɗo ya ce ya warke.

Turai ta ci karo da wannan matsala a motocin da ake mayarwa ɗakin kwana don yawon buɗe ido. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa a 1950, kamfanin Westfalia kuma ya fara sa mata gado da kabad a 1951. Irin waɗannan motoci da Land Rover ne suka riƙa ƙetaro hamada a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su sauka Kano, mafi yawa a watannin sanyi, lokacin da daren hamada kan kai ga daskarar da ruwa. Maganin da kamfanonin Jamus irin su Eberspächer da Webasto suka samar shi ne na'urar da ke ƙona man mota a cikin rufaffen tulu na ƙarfe: iskar ƙonawa daga waje take shigowa, hayaƙi waje yake fita ta bututu, fanka kuma tana hura iskar ɗaki ta bayan tulun ta ɗauki zafi ba tare da ta gauraya da hayaƙi ba. Ƙananan irinta na yau ba sa shan rabin lita a sa'a. Sauran ƙa'idojin masu waɗannan motoci ba baƙi ba ne ga wanda ya san zango: a sa abu mai kauri tsakanin jiki da daɓen ƙarfe, a toshe gilasai da labule mai kauri don ta nan zafi ya fi zurarewa, a juya wa iska baya, a guji tsayawa a kwari, a ci abu mai zafi, a sa hula da safa, a kwanta da gorar ruwan zafi. Suna kuma barin 'yar kafa a buɗe komai sanyi, saboda numfashi da saboda tururin bakin masu barci da ke jiƙa bango da bargo, suna rataye na'urar da ke ƙara in gubar ta taru. Raɓar cikin mota ba ta cika damun matafiyin hunturu ba, iskar nan busasshiya ce, amma kafar numfashi dole ce a ko'ina.

A hanyar Birnin Gwari abin da ya kashe kwanan daji a ƙarshe ba fasaha ba ce. Cikin shekaru goman da suka biyo bayan 2010 satar shanu ta rikiɗe ta zama fashi da garkuwa da mutane, dazukan Kamuku da Kuyambana suka zama mafakar 'yan bindiga, ƙauyukan yamma irin su Kakangi da Randagi suka sha hare-hare. Motoci suka koma tafiya a ayari da rakiyar jami'an tsaro, da rana kawai, wasu direbobin suka gwammace zagaye ta Abuja ko Minna. Manomi ya daina kwanan gona, wanda kuma gudu ya kai shi daji cikin hunturu ya koma ga zaɓin ƙaramin rukunin zamanin Nagwamatse, ya kwana ba wuta don kada a hango shi. Dubban da suka bar gidajensu sun yi hunturu a azuzuwan makarantu da shaguna da gidajen dangi, a kan siminti, inda tabarma da kwali da bargo suka zama manyan kayan agaji.

A ƙarshen Nuwamban 2024 gwamnatin jihar Kaduna ta Uba Sani ta sanar da sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, manyan motoci suka fara komawa titin. Direbobi dai sun riƙe al'adar da suka koya a shekarun tsoro: su auna tafiya yadda za su fita daji kafin magariba, su kwana a tasha cikin gari. Makamashin tashar yanzu gawayi ne na saye, buhu-buhu daga dajin nan, kuma marke da ƙirya, da yake su ne suka fi ba da gawayi mai kyau, su masu sara ke fara nema.